Gidan Da Ke Jingine A Banki: A Bi Doka Kafin A Biya Kuɗi

Galibin mutanen da suka tashi sayen gida a biranen ƙasar nan sukan ɗauka cinikin tsakaninsu ne da mai gida kawai, sai ko dillali da shaidu biyu. Amma idan gidan yana jingine a banki, ko kuwa da rancen banki za a saye shi, to, hannu huɗu ne a cikin cinikin, watau mai sayarwa, da mai saye, da banki, da kuma Gwamnan jiha. Duk wanda ya manta da biyun nan na ƙarshe ya yi cinikin biri a sama, ko da kuwa an miƙa masa mabuɗai ya tare da iyalinsa.

Tushen maganar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa ran 29 ga Maris, 1978. Dokar ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta a matsayin amana domin amfanin jama'a. Abin da mai gida ke riƙe da shi izinin zama ne, wanda takardar mallaka, watau satifiket, ke shaidawa, galibi na shekara 99. Ga mutanen Arewa wannan ba baƙon abu ba ne, domin dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta riga ta aza irin wannan ƙa'ida. A Kudu kuwa, inda aka saba da filayen gado na dangi, babban canji ne.

Sashe na 22 na dokar ya hana mai riƙe da izinin Gwamna ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani haƙƙinsa, sai da yardar Gwamna. Sashe na 21 ya ce filayen karkara da ke ƙarƙashin al'ada sai da yardar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 kuma ya yanke cewa duk cinikin da aka ƙulla ba bisa wannan hanya ba, ɓatacce ne. A Abuja, Ministan Babban Birnin Tarayya ne ke ba da wannan yarda.

Wanda ke tsammanin waɗannan sassa ado ne kawai a takarda, ya dubi shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989. Wani mutum ne a birnin Ikko ya jinginar wa banki gidansa a 1980, gidan da ya mallaka tun kafin a kafa dokar. Da aka kasa biyan bashin, banki ya tashi sayar da gidan, sai mai gida ya garzaya kotu ya ce ai ba a nemi yardar Gwamna ba. Kotun Ƙoli ta ce jinginar ta ɓaci, kuma dokar ta shafi har waɗanda suka mallaki filayensu kafin 1978. Daga baya, a 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta sassauta, ta ce ba laifi a yi yarjejeniya a sa hannu kafin yardar ta fito, amma cinikin bai cika ba sai ta fito. To, idan banki mai lauyoyi birjik ya sha ƙasa a kan wannan batu, ina ga ɗan kasuwar da ya tara kuɗinsa shekara ashirin a Mile 12, ko Agege, ko Sabon Badun?

Saboda haka akwai matakan da bai kamata mai saye ya tsallake ko ɗaya ba. Na farko, kafin ya ba da ko kafin alƙalami, ya ɗauki lauya nasa na kansa, ba na mai sayarwa ba, ya tura shi ofishin rajistar filaye na jiha ya bincika. A can ne za a ga sunan wanda ke kan takarda, a kuma ga ko an yi wa wata jingina rajista a kan gidan. Idan kamfani ne ke sayarwa, a leƙa Hukumar Rajistar Kamfanoni ma, domin a can ake rubuta jinginar kadarorin kamfani.

Na biyu, ya nemi ganin ainihin takardar mallaka da idonsa, ba hotonta ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin akwai jinginar da ake ƙullawa ta hanyar ajiye takardar gida a banki kawai, wadda mai yiwuwa ba a rubuta ta a rajista ba. Mai sayarwar da ya ce takarda ta ɓace, ko tana hannun wani wansa da ya yi tafiya, lalle ne a yi hattara da shi.

Na uku, idan ta tabbata gidan yana jingine, wannan ba ya hana ciniki, amma yana canja hanyar biyan kuɗi. Banki ne zai faɗi a rubuce nawa ya rage na bashin. Sai a biya wannan kason kai tsaye ga banki, ba ta hannun mai gida ko dillali ba, banki kuma ya fito da ainihin takardun gida tare da takardar sakin jingina, a kai ta rajista. Ragowar kuɗin ne na mai gida. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a hannun mai sayarwa bisa alkawarin cewa gobe zai je ya fanso takarda, ya sani bashin yana bin gidan ne, duk hannun da ya shiga. Ranar da aka daina biya, ƙofarsa za a manna wa sanarwar gwanjo.

Na huɗu, bayan an sa hannu a takardar miƙa mallaka, a nemi yardar Gwamna, a biya kuɗin kan sarki, a yi rajista. Idan da rance aka saya, ita ma sabuwar jinginar sai ta bi wannan hanya. Haka ma wanda ya guje wa kuɗin ruwa ya nufi bankin da ke aiki bisa tsarin Musulunci, irin su Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, bai tsira daga wannan ƙa'ida ba, domin dokar ƙasa ba ta bambanta rance da rance ba.

Shi ma mai jingina yana da haƙƙin da ya kamata ya sani. Jingina ba sayarwa ba ce, muddin ba a sayar da gidan ba yana da ikon biyan bashi ya fanshi abinsa. A jihohin da ke aiki da tsohuwar dokar Ingila ta 1881, da na tsohuwar Jihar Yamma masu aiki da dokar 1959, banki ba ya sayarwa sai lokacin biya ya wuce, kuma ɗaya daga cikin uku ya auku: an ba da sanarwar neman biya an yi wata uku ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata biyu a baya, ko an karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Amma sau da yawa takardar jinginar kan rage wannan wa'adi, don haka a karanta kafin a sa hannu. Jihar Legas kuwa ta yi tata dokar jingina a 2010. In an sayar, banki zai cire kuɗin ɗawainiya da bashinsa ne kawai, abin da ya saura na mai gida ne.

To, me ya sa jama'a ke kauce wa hanyar da take a fili haka? Amsar ba ɓoyayya ba ce. A jihohi da dama neman yardar Gwamna aiki ne na watanni, wani lokaci shekaru, ga kuɗaɗe iri iri da ake lissafawa bisa darajar gidan, ga yawo daga tebur zuwa tebur. Shi ya sa mutane ke komawa ga rasit da takardar wakilci, alhali kuwa Kotun Ƙoli ta bayyana tun 1993, a shari'ar Ude da Nwara, cewa takardar wakilci ita kaɗai ba ta miƙa mallaka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta wannan kafa ce macuta ke sayar da gida ɗaya ga mutum uku.

Asarar ba ta tsaya kan mai saye ba. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana da damar neman rance mai ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya har cikin shekara 30, ta hannun Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya. Amma ba bankin da zai karɓi rasit ɗin dillali a matsayin jingina. Gida mara ingantacciyar takarda dukiya ce a ɗaure.

An taɓa yunƙurin gyara. A 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran dokar filaye, ya kuma aika wa Majalisar Tarayya ƙudurin da zai fid da jingina daga cikin abubuwan da ke bukatar yardar Gwamna, amma ƙudurin bai zama doka ba. Gyaran yana da wuya domin Tsarin Mulkin 1999, a sashe na 315, ya ɗaure dokar a jikinsa. Amma Gwamnoni ba su da uzurin jira. Dokar da kanta ta ba su ikon wakilta kwamishina ya sa hannu a madadinsu. Ya kamata kowace jiha ta yanke wa'adin kwanakin da yarda za ta fito a cikinsu, ta buga jerin kuɗaɗen a fili inda kowa zai gani, ta rage su, ta kuma zuba rajistarta a kwamfuta kamar yadda aka fara a Abuja da Kaduna da Legas. Ya kamata kuma Majalisar Tarayya ta sake ɗauko ƙudurin nan da aka yasar.

Kafin a kai ga haka, nauyi yana kan mai saye. Kuɗin lauya da na bincike ba su kai ko kusa da kuɗin gida ba, balle wahalar shari'ar shekara goma. Rigakafi ya fi magani. Kada kowa ya saki kuɗinsa sai ya ga takarda, kada kuma ya saki jiki sai sunansa ya hau rajista.