CINIKIN 'YAN ƘWALLO A TURAI: SHIN TSADA ITA CE GWANINTA?

Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi a Agege ko Idi-Araba, ko ya kan leƙa gidan kallon ƙwallo a Sabon Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, ya san cewa daga watan Yuni zuwa Agusta gardamar tamaula ta fi ta kowane lokaci zafi, ko da yake kulob-kulob na Turai suna hutu a yawancin kwanakin. Lokacin ne Turawa suke bazararsu, mu kuwa muna tsakiyar damina, kuma lokacin ne ake buɗe kasuwar saye da sayar da 'yan wasa. Sai ka ga mutum ya wuni yana dako ko yana tura baro, da dare kuwa ya zama shugaban Manchester United, yana lissafin wanda za a saya da wanda za a kora, yana kiran fam miliyan tamanin kamar kuɗin koko.

Ba laifi ba ne, domin hira ce mai ɗebe kewa ga mutumin da ke nesa da gida. Amma idan aka kasa kunne sosai za a ji cewa mudu biyu ne kawai yawancinmu muke auna ɗan wasa da su. Na farko, nawa aka saye shi? Na biyu, a Ingila yake wasa ko ba a Ingila ba? Wanda aka zuba wa kuɗi da yawa shi ne gwani, wanda bai shiga gasar Firimiya ba kuwa sai a ce da sauransa. Abin da muke so mu duba yau shi ne ko waɗannan mudu biyu suna awo daidai, kuma babu misalin da ya fi na ɗan ƙasarmu Victor Osimhen, wanda aka shafe damina biyu ana ce-ce-ku-ce a kansa.

LABARIN OSIMHEN

Shi dai Osimhen haifaffen nan Ikko ne, ya tashi a unguwar Olusosun kusa da babban jujin nan, kuma shi da bakinsa ya sha ba da labarin yadda ya yi tallar ruwan leda a bakin titi. A 2015 ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a ƙasar Chile, Nijeriya ta ɗauko kofi. A farkon 2017 ya tafi Wolfsburg ta Jamus, ya yi shekara ɗaya da rabi bai ci ko ƙwallo ɗaya ba. Da a ce masu gardamar teburin shayi ne ke yanke hukunci, da tun ran nan an rufe littafinsa. Sai aka ba da aronsa ga Charleroi ta Beljiyam ya ci 20, ya wuce Lille ta Faransa a 2019, sa'an nan Napoli ta Italiya ta saye shi a 2020 a kan kimanin yuro miliyan 70. A kakar 2022/23 ya ci ƙwallo 26 a gasar Italiya, ya zama Ba'afirke na farko da ya fi kowa ci a gasar, Napoli kuma ta ɗauki kofin da rabonta da shi shekara 33. A Disamban 2023 aka ba shi kambun gwanin Afirka, wanda rabon ɗan Nijeriya da shi a ɓangaren maza tun Nwankwo Kanu a 1999.

To, a daminar 2024 kowa ya sakankance cewa Ingila zai tafi. Magoya bayan Chelsea sun kwana suna jira har daren 30 ga Agusta da aka rufe kasuwa, ciniki bai faɗa ba, jaridu kuma suka ba da labarin cewa a kan albashi ne aka kasa daidaitawa. 'Yan kwanaki bayan haka sai ga shi a Galatasaray ta Turkiyya a matsayin aro. Nan fa baki ya buɗe. Wasu suka ce kwaɗayi ne ya kai shi ya baro, wasu suka ce da ma can ba gwani ba ne, in ba haka ba me ya hana manya su saye shi? Ya ci ƙwallo 37 a wannan kaka, kulob ɗin ya haɗa kofin gasar ƙasa da na ƙalubale, amma masu suka suka ce ai Turkiyya ce. A ƙarshen Yulin 2025 Galatasaray ta saye shi ɗungurungum a kan yuro miliyan 75, kuɗin da ba a taɓa sayen ɗan wasa da shi ba a ƙasar, ta kuma bayyana cewa za ta riƙa biyansa yuro miliyan 15 a shekara bayan an cire haraji. A daminar nan ɗin dai Arsenal ta sayi Gyokeres, Manchester United ta sayi Sesko, Liverpool ta sayi Ekitike da Isak, duka 'yan gaba. Tambayar da aka yi ta yi ita ce: me ya sa duk suka tsallake namu?

ME KE SA KUƊIN ƊAN WASA?

Masu karatu da yawa 'yan kasuwa ne, saboda haka amsar ba za ta zame musu baƙuwa ba. Wanda ya san karar shanu ta Oko-Oba ko kasuwar gwari ta Mile 12 ya san cewa farashi ba ya bin kyan kaya kaɗai. Haka abin yake a kasuwar 'yan ƙwallo, kuma abubuwa huɗu ne suka fi tasiri.

Na farko shi ne sauran wa'adin kwantiragi. Tun hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar Bosman cikin Disamban 1995, ɗan wasan da wa'adinsa ya cika yana iya tafiya inda ya so ba tare da an biya kulob ɗinsa ko kwabo ba. Ta haka ne Kylian Mbappe ya bar PSG ya koma Real Madrid a 2024 kyauta. Shi kuwa Antony, Manchester United ta ba Ajax yuro miliyan 95 kafin ta same shi a 2022, domin yana da sauran shekaru a kwantiraginsa kuma Ajax ba ta matsu ta sayar ba. Shin akwai mai hankalin da zai ce Antony ya fi Mbappe? A 2025 United ta sallama shi ga Real Betis a kan abin da bai kai sulusin kuɗin da ta biya ba.

Na biyu shi ne shekaru. Kulob na yanzu yana sayen ɗan wasa ne da tunanin ranar da zai sayar da shi, kamar mai kiwo da ke sayen maraƙi. Sesko yana da shekara 22 lokacin da aka saye shi, Ekitike 23. Brighton ta ɗauko Moises Caicedo daga ƙasar Ecuador a 2021 a kan abin da bai kai fam miliyan 5 ba, ta sayar wa Chelsea a 2023 a kan fam miliyan 115. Irin wannan riba ce kowa ke hange.

Na uku shi ne albashi, kuma nan ne mafi yawan masu gardama suke yin tuntuɓe. Kuɗin saye a kan rarraba shi ne cikin littafin lissafi bisa shekarun kwantiragi, wato wanda aka saya miliyan 75 na shekara biyar, miliyan 15 ake rubutawa kowace shekara. Albashi kuwa kowane wata sai an biya, kuma da zarar an ba mutum ɗaya mai tsoka, sauran manyan 'yan wasa za su zo su ce su ma haka. Gyokeres ya girmi Osimhen, amma albashinsa a Sporting ta Fotugal bai kusanci wanda Osimhen yake karɓa a Napoli ba, don haka ɗaukarsa ta fi sauƙi ga mai lissafi. Har wa yau kulob na Ingila yana duba cewa ɗan Afirka zai ɓace masa makonni a tsakiyar kaka saboda gasar cin kofin Afirka.

Na huɗu shi ne aljihun mai saye da matsuwarsa. Kulob-kulob na Ingila suna raba kuɗin talabijin na cikin gida da ya kai fam biliyan 6.7 na shekara huɗu daga 2025, ban da na ƙasashen waje, wanda kuɗin da muke biya a gidajen kallo ma yana cikinsa. Duk dillali ya san haka, saboda haka idan Bature ɗan Ingila ya taya, sai a ce masa albarka har sai ya ninka. In kuma ya zo ranar rufe kasuwa, ya zama mai neman rago a daren Sallah.

KIFI A RUWA SARKI NE

Sai kuma abin da kuɗi ba ya iya aunawa, watau dacewa. Mu 'yan Arewa mun ga wannan a kan namu. Ahmed Musa, wanda ya yi fice a Kano Pillars, ya ɗauki kofin Rasha sau uku da CSKA Moscow kafin Leicester ta saye shi a 2016 a kan kimanin fam miliyan 16. Tun kafin a fara kaka ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan sada zumunci, kowa ya ce an dace. Amma ƙwallo biyu kacal ya ci a gasar Firimiya, yawancin lokaci yana benci, har aka mayar da shi Moscow aro a farkon 2018. Watanni kaɗan bayan haka shi ne ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Iceland a gasar duniya. Ƙafar dai ita ce, wurin ne ya bambanta.

Ita kanta Leicester da ta ba duniya mamaki a 2016, da 'yan araha ta yi. Jamie Vardy fam miliyan 1 aka saye shi, N'Golo Kante bai kai miliyan 6 ba, Riyad Mahrez ko rabin miliyan bai kai ba. Da a teburin shayi aka kawo sunayensu kafin a saye su, da dariya za a yi.

Kada kuma a ɗauka cewa duk mai tsada asara ne. Bayan da PSG ta biya yuro miliyan 222 ta ɗauke Neymar a 2017, Barcelona ta rikice, ta sayi Ousmane Dembele da Philippe Coutinho, kowanne sama da yuro miliyan 100. Coutinho bai samu gurbinsa ba, aka ba da aronsa ga Bayern Munich, ya kuma zura wa iyayen gidansa ƙwallo biyu ran da aka lallasa su 8 da 2 a Agustan 2020. Liverpool kuwa da ta sayar da shi, ta duba inda ɗakinta ke yoyo, ta sayi mai tsaron baya Virgil van Dijk a kan fam miliyan 75 da gola Alisson, ta ɗauki kofin zakarun Turai a 2019 da na Firimiya a 2020. Shi kuma Dembele da aka yi shekaru ana yi wa ba'a a Sifen, PSG ta karɓe shi a 2023 a kan yuro miliyan 50, koci ya sauya masa gurbi, ya zama gwanin duniya na 2025.

Daminar 2025 ma ta ƙara mana karatu. Kulob-kulob na Firimiya sun kashe sama da fam biliyan 3, abin da ba a taɓa yi ba, Liverpool kaɗai ta kashe sama da miliyan 400, ciki har da miliyan 125 na Alexander Isak ran 1 ga Satumba. Masu hira suka ce a ba ta kofi kawai a huta. Amma Isak ya zo ba tare da ya yi atisayen share fage ba saboda rikicinsa da Newcastle, bai ci ƙwallon Firimiya ba sai ƙarshen Nuwamba, a Disamba kuma ya karye a ƙafa. Ran 30 ga Satumba Galatasaray ta doke Liverpool da ci ɗaya mai ban haushi a gasar zakarun Turai, Osimhen ne ya ci da bugun fenariti, a Nuwamba kuma ya zura wa Ajax uku a gidanta. Wasa ɗaya ko biyu ba su isa hujja ba, kuma babu mai musun cewa Isak gwani ne, ko cewa gasar Ingila ta fi ta Turkiyya ƙarfi. Amma sun isa su nuna cewa takardar ciniki ba ta buga ƙwallo.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani zai ce mene ne namu a ciki, tun da ba kuɗinmu ba ne? Akwai namu. Samari da yawa a unguwanninmu suna zuba abin da suka samu da gumi a cacar ƙwallo, kuma abin da ke ruɗinsu shi ne wannan lissafi na cewa kulob ya sayi masu tsada don haka dole ya ci. Kuɗin da ya kamata a aika gida sai su tafi a kan sunan wani da bai ma saba da abokan wasansa ba. Sa'an nan ga gardamar da ke kaiwa ga zage-zage, har 'yan gari ɗaya su daina gaisawa a kan Chelsea da Arsenal, a wurin da ba su da kowa sai junansu.

Akwai kuma batun adalci ga 'ya'yanmu. Babu wanda ya kamata ya fahimci shawarar Osimhen kamar mutumin da ya baro Kano ko Sakkwato ya zo Kurmi nema. Kowannenmu ya san cewa ba a zaɓen gari don sunansa, ana zaɓensa ne don a nan ake ganin darajar aikinka kuma ake biyanka haƙƙinka. Wa'adin ɗan ƙwallo gajere ne, karaya ɗaya tana iya rufe shi. Wanda ya sayar da ruwa a titi ba ya bukatar mu koya masa darajar kuɗi.

Saboda haka idan kasuwa ta sake buɗewa aka kawo suna, kafin mu tambayi nawa aka biya, mu fara tambaya: wane gurbi ne kulob ɗin yake da rauni? Irin wasan kocin ya dace da shi? Wasa nawa ya buga bara, nawa kuma ya yi jinya? A bar shi ya yi ko da kaka ɗaya kafin a ɗaura masa rawani ko a tuɓe masa. Mai sayen goro a Shagamu ba ya biya sai ya kwance huhu ya duba, ƙwallo ma gani ya kori ji.

Allah ya ba kowa sa'ar abin da ya fito nema.