Waken Gwangwani: Ci Gaban Mai Haƙar Rijiya

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana sannu a hankali, har ta sami gindin zama ba wanda ya ce mata kanzil. A yau idan ana biki ko walima, ko an je cin abincin Sallah a gidan ɗan boko, ba a ganin tebur ya cika sai an yanka kabeji da latas da karas, an fasa gwangwanin wake an juye a kai, an malala masa farin kirim. Wanda ya kawo wannan shi ne wayayye. Wanda kuwa ya kawo faten wake da manja, ko ɗanwake, ko tubani, sai a riƙa kallonsa a kaikaice, wai baƙauye ne. Har a ɗakunan kwananmu na jami'a ana samun masu jera gwangwanayen nan a kan akwati inda baƙo zai gani, kamar yadda amarya take jera kwanoninta. Ni dai na ce wannan ci gaban mai haƙar rijiya ne, kuma ga dalilaina.

Da farko mu buɗe gwangwanin mu ga abin da muke yi wa wannan ladabi. Duk wanda ya karanta takardar da ke manne a jikin irin na Heinz, mai nauyin giram 415, zai ga cewa wajen rabin abin da ke ciki ne kawai wake. Sauran ruwan tumatir ne da ruwa da sukari da gishiri da garin masara na kaurara miya. Sunansa na Turanci yana nufin gasasshen wake, amma babu mai gasa shi, a cikin gwangwanin ake dafa shi bayan an liƙe bakinsa. Waken kansa ba irin namu ba ne, wani ɗan ƙaramin fari ne wanda asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Ingila ma, wadda ta mayar da shi abincin karin kumallonta, daga Amurka ta Arewa take sayo mafi yawansa, a zuba shi a gwangwani a masana'antar Heinz da ke kusa da garin Wigan, sa'an nan a ɗoro mana shi a jirgin ruwa. Kowane zango na wannan tafiya akwai mai cin riba, kuma mu ne muke biyan kuɗin jirgi da na dako da na kwastan da na ƙarfen da za mu jefar a bola.

Shi kansa gwangwani ba don daɗi aka ƙirƙiro shi ba. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, shi ya gano cewa idan an rufe abinci a kwalba aka dafa ba ya lalacewa, ya wallafa bayaninsa a 1810, a lokacin da Faransa take neman yadda za ta ciyar da sojojinta da matuƙan jiragenta. A wannan shekarar kuma Peter Durand ya karɓi takardar mallakar dabarar yin haka a gwangwanin ƙarfe a Ingila. Ashe ke nan guzurin mayaƙa ne da matafiya, da ma'aikacin masana'anta wanda ba shi da gona, ba shi da murhu, ba shi da lokacin girki. Abin da larura ta sa wasu suka ci, shi muka ɗauka muka mayar abin tinƙaho.

To, mu juyo gida. Waken da muke nomawa ɗan asalin Afirka ne, kakanninmu suka fara shuka shi shekaru dubbai da suka wuce. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noma shi a duniya, domin tana samar da fiye da tan miliyan 3 a shekara, maƙwabciyarmu Nijar tana biye da ita. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa sinadarin gina jiki ne, shi ya sa ake ce masa naman talaka. Manomi yana shuka shi a tsakanin gero da dawa, saiwarsa tana da wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu jawo sinadarin naitirojin daga iska su ajiye a ƙasa, watau yana biyan hayar gonar da ya zauna. Idan an roro waken, harawa ta zama abincin shanu da ragunan layya, har ma wani lokaci kuɗin harawa ke biya wa manomi buƙatar rani. Daga ƙwaya ɗaya iyayenmu mata suka fitar da ƙosai da alala da tubani da ɗanwake da fate da garau-garau. Ina gwangwanin da ya taɓa ciyar da mutum da dabbarsa da gonarsa gaba ɗaya?

Wanda yake son ganin wannan abin mamaki da idonsa ya zo ƙasarmu ta Bagudo a Jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ya ratsa, inda Nijeriya ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Daga Ka'oje zuwa Illo, daga Lolo zuwa Tsamiya, mutane manoma ne da masunta da makiyaya. Iyakar da ta raba mu da 'yan'uwanmu na Segbana da Malanbil, Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a yarjejeniyarsu ta 1898, suka tsaga ƙasar Borgu gida biyu, ba su shawarci Babuse ko Badande ko Bafulatani ba. Duk da haka auratayya da cinikayya ba su yanke ba. Sai dai a dubi abin da ke tafiya da abin da ke dawowa. Daga wajenmu hatsi da wake da albasa da dabbobi ke fita. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano kuwa, ta hanyar Paraku da Kandi, tafiyar fiye da kilomita 700, ake kawo shinkafar Asiya da taliya da tumatirin gwangwani da kifin gwangwani. Muna ba da abin da ƙasarmu ta haifa a farashin da ɗan kasuwa ya ga dama, muna karɓar abin da masana'antar wasu ta sarrafa a farashin da dala ta yanke. Gwangwanin wake, ko ta Legas ya biyo ko ta Kwatano, ɗan wannan gidan ne, kuma shi ya fi sauran rashin kunya, domin ya zo sayar da wake ne a garin masu wake.

Wannan ciwo tsoho ne. Tun da kuɗin man fetur ya shigo, aka biya ma'aikata ƙarin albashin Udoji a 1975, kantuna suka cika da kayan waje, cin abin gwangwani ya zama shaidar cewa mutum ya sami shiga. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, har aka tura ɗaliban jami'a gonaki a lokacin dogon hutu. A 1980 Shugaba Shehu Shagari ya zo da nasa shirin na bunƙasa noma. An rufe iyakokin ƙasa daga 1984 zuwa 1986, aka sake rufe su a watan Agustan 2019, aka fara buɗewa a Disamban 2020. Mutanen bakin iyaka sun sha wuya a duka biyun, kasuwanni sun yi sanyi, amma kwaɗayin kayan waje bai ragu ba. Dalili kuwa shi ne, jami'in kwastan yana iya tare mota a hanya, amma ba ya iya tare abin da ya riga ya shiga zuciya. Da darajar naira ta faɗi bayan watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024, sai ga masu gwangwani suna kuka. Da ma an ce zanen aro ba ya rufe katara.

Na san masu son gwangwani suna da hujjojinsu, kuma ba zan tsallake su ba. Ta farko, za su ce abincin wani gubar wani, kowa da abin da bakinsa yake so. Na yarda. Wanda ya ɗanɗana wake da sukari ya ji ya yi masa, ya ci abinsa, ba ni da ja. Amma mu gaya wa kanmu gaskiya: nawa ne daga cikin masu juye shi a kan kabeji suke cinsa don daɗi? Ku duba farantan bayan an tashi daga walima, za ku ga an tsince nama da ƙwai, an ture waken gefe. An saye shi ne don ido. Ranar da babu baƙo kuwa, wannan mutumin shi ne a layin mai ƙosai tun da sassafe.

Hujja ta biyu ita ce lokaci da makamashi. Ɗalibi yana da lacca da ƙarfe takwas, gas ya yi tsada, kananzir ya gagara, wake kuwa ba ya nuna da wuri. Wannan magana tana da nauyi, amma maganinta na nan a madafin kowace uwa. A tsince wake a jiƙa shi tun dare, da safe a zubar da ruwan a sa sabo. Jiƙon nan yana rage lokacin dahuwa, yana kuma fitar da wani ɓangare na abin da ke kumbura ciki. A jefa 'yar kanwa kaɗan, kada a cika, domin yawanta na kashe wasu sinadaran amfani, yana kuma ɓata ɗanɗano. Gishiri da tumatir a bari sai waken ya yi laushi. Ni a nawa son, a soya albasa mai yawa a manja, a sa daddawa da attarugu da ɗan busasshen kifin Kwara, a juye a kai, a bar shi ya yi kauri har cokali ya tsaya. Wani ya fi son man gyaɗa da yaji, wani yana yanka alayyafo, wani yana haɗawa da dankali ko doya. Mai son irin na kan kabeji ma, ya dafa farin wake, ya yi masa miyar tumatir, ya sa sukarin da hannunsa gwargwadon yadda yake so. Tukunya tana ba kowa zaɓi. Gwangwani kuwa ɗanɗano ɗaya ne, wanda wani ma'aikaci a wata ƙasa ya yanke wa duniya duka. Kuma idan ɗalibai huɗu suka haɗa kuɗin gwangwani huɗu suka auno wake, kowa ya san wanda zai kwana da ƙoshi.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, ita ce kuma abin kunyarmu. Za su ce waken kasuwa ba shi da aminci, domin ana zuba masa guba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Ƙwaron wake yana shiga tun daga gona, cikin 'yan watanni ya huda buhu guda ya mayar da shi gari. Don tsoron asara wasu 'yan kasuwa suke yayyafa masa fiya-fiya, maganin da ba a yi shi don abinci ba. Saboda ragowar wannan sinadari Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, ta tsawaita hanin a 2016. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma 'yan tsiraru sun ɓata sunan manoma miliyoyi.

Amma shin maganin wannan shi ne mu gudu mu ɓuya a bayan gwangwani? Mutum nawa ne a Bagudo za su iya haka? Talaka zai ci gaba da cin abin da ke kasuwa, ɗan boko ya tsira da kansa. Alhali kuwa magani yana nan, ba ya buƙatar guba ko kaɗan. Kakanninmu suna cakuɗa wake da toka ko yashi su rufe a tulu. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Afirka, sun fito da buhu mai ruɓi uku da ake kira PICS, aka fara yaɗa shi a 2007: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne tam. Ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage su mutu. Jarka ko duro mai murfin da ba ya shan iska ma suna yin wannan aiki. A gona kuma, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ta fitar da irin SAMPEA 20-T a 2019, mai jure tsutsar da ke huda furen wake da kwansonsa. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Abin da gwangwani ya fi waken gida da shi guda ɗaya ne tak: an yi masa aikin ilimi. An tsince shi, an auna shi, an tsare shi daga ruɓa, an rubuta ranar da zai lalace. Wannan aikin shi aka turo mu jami'a mu koyo. Da kuɗin wake da harawa da albasa aka biya wa da yawanmu kuɗin makaranta. Idan mai karatun aikin gona bai koya wa ƙauyensu ɗaure buhu ba, mai karatun kimiyyar abinci bai nemi yadda za a yi garin ƙosai da na alala mai tsabta a leda ba, mai karatun injiniya bai ƙera na'urar surfe da tukunya mai rage cin wuta ba, to me muka tsinana? Sai dai mu zama dillalan masana'antun wasu, masu digiri a fannin fasa gwangwani.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ƙungiyoyinmu na ƙananan hukumomi. A duk wata walima da za a yi da kuɗin ƙungiya, a sa waken gida a tebur, a gaban manyan baƙi, ba tare da neman gafara ba. A dogon hutu mai zuwa kowace ƙungiya ta sayi buhunan nan masu ruɓi uku, ta je ranar kasuwa a Lolo da Tsamiya da Ka'oje da sauran garuruwanmu, ta nuna wa manoma da 'yan kasuwa yadda ake ɗaure su kafin kaka ta yi. Wanda ya ga ana zuba fiya-fiya a buhun abinci ya yi magana, ko da ɗan'uwansa ne, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda kuwa yake ganin na yi wa gwangwani rashin adalci, shafin nan a buɗe yake, ya ɗauki alƙalami ya kawo hujja. Allah ya sa mu gane, ya albarkaci damina, ya kare manoma.