Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Jami'ar Dosso kan Kundin Manhajar Tayar da Na'ura

Zuwa ga shugaban jami'a da malaman sashen kimiyyar kwamfuta.

Duk kwamfuta ko salula, da zarar an kunna ta, akwai wata ƙaramar manhaja da ke fara aiki, wato butloda. Ita ce ke loda babbar manhaja, Windows ko Linux ko Android, sannan ta miƙa mata ragama. In ta lalace, na'ura ba ta tashi, ko da kayan cikinta lafiya lau suke.

Kowace na'ura da irin tata. Kwamfutoci masu Linux galibi GRUB suke amfani da ita, ƙananan alluna masu guntun ARM kuma U-Boot. Ko maɓallin zaɓen inda za a tashi ya bambanta: F9 a HP, F12 a Dell. Wayoyin Tecno da Itel da suka cika hannun jama'a a Dogondutsi da Tibiri, mafi yawansu guntun MediaTek ko Unisoc ke cikinsu. Mai gyara a bakin kasuwa in ya yi wa waya fulashin, wato ya sake girka mata manhaja, da fayil ɗin da ba nata ba, sai allo ya yi baƙi ƙirin. Buɗe makullin butloda kuwa yana goge duk abin da ke cikin waya, har hotuna da lambobi.

Wannan sani yana cikin kawunan masu gyara ko a takardun Ingilishi. Ga shi kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka tsofaffin kwamfutocin makarantu da ofisoshi za su buƙaci wata manhajar.

Jami'ar da aka kafa a 2014, wadda ta ba fasahar sadarwa muhimmanci, ita ta fi cancanta ta ɗauki nauyin tattara wannan sani a kundi ɗaya. Ya dace ta tura ɗalibai Dogondutsi da Tibiri su zauna da masu gyara, a buɗe wa kowace na'ura shafi: sunanta da lambar samfurinta, guntun da ke ciki, butlodar da ta karɓa, matakan girkawa, abin da ya ƙi aiki, hanyar farfaɗowa, da ranar gwaji. Kada a shigar da abin da ba a gwada da hannu ba. A rubuta da Hausa da Faransanci, a buga a takarda saboda ƙauyukan da intanet ke wuya, a kuma sabunta kundin duk shekara.