Tsutsar da ke hana kihi haihuwa

Ƴan uwa manoma da masunta, kun san aikin ƙuduji a gonar hatsi. Kara shina tsaye, amma ƙuduji ya tsotse saiwa, ranar girbi a taras zangarniya ba ƙwaya. To, kihi ma shina da nashi ƙudujin, tsutsa ce. A ganina ta hi gaban a raina ta, don ba ta faye kashe kihi ba, haihuwa take hana mishi.

Mu soma da teku, inda masana sunka bincike ta sosai. Akwai wata jar tsutsa mai kama da zare da suke kira Filometira. Macen tana shiga cikin jakar ƙwan kihi, ta naɗe a ciki, tana shan jini. Wurin ya kumbura, ƙwai su motse, wasu su lalace. An same ta ga manyan kihayen Bahar Rum da na gaɓar Amurka. Kihin shina iyo, shina ƙiba, masunci ya saida shi da tsada, amma ƴaƴan da za su maye gurbinshi sun ragu.

Za ku ce ina ruwan Nijar da teku? Irin wannan ɓarna tana cikin ruwan daɗi ma. A tabkin Biktoriya da tabkin Malawi, wata hwarar tsutsa mai faɗi, Ligula, tana cika cikin ƙananan kihaye. Namiji da mace, wanda ta kama haihuwarshi takan ragu ko ta tsaya. Ga yadda take yawo: tsuntsu mai cin kihi ya yi kashi cikin ruwa, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye ƴaƴan tsutsar, kihi ya ci ƙwarin, tsuntsu ya ci kihin. Tsuntsu kuwa bai san iyakar ƙasa ba.

Tabkunanmu, irin na Madarumfa da Tabalak da Gidimuni, ba su da faɗin teku. In haihuwa ta ragu shekara biyu ko uku, koma za ta hito ba nauyi, a ce laihin ƙarancin ruwa ne ko yawan masunta, alhali wani ɓangaren cutar yana cikin cikin kihi.

Saboda haka ga abin da nike roƙonku.

Na ɗaya, in kun hyeɗe tarwaɗa ko karfasa, ku dubi ƙwai da kayan ciki da kyau kahin ku zubas.

Na biyu, kada ku maida kayan cikin a ruwa, kada ku bar ma zalɓe su a bakin gaɓa. A gina rame a binne, ko a ƙone.

Na uku, kada a ɗebi irin kihi daga tabkin da anka ga tsutsa a kai wani tabki. Ba manomin da ke shibka irin da ya san da cuta.

Na huɗu, ku kai kihin da kuke shakka ga ma'aikatan gandun daji na kusa da ku, ku faɗi tabki da watan da anka kama shi.

Uwayen gida kuma, kihin tabki ko na ƙanƙara, a dahe shi ya nuna har tsakiya, wuta tana kashe tsutsa.

Mai kiwo ba ya ƙidaya garkenshi da ƙibar sa, da yawan maruƙa yake ƙidayawa. Mu dubi tabkunanmu da wannan ido. Allah ya ba mu damina mai albarka.