Jirgin da ya shekara 42 a hamada ya sake tashi

 

Kusan kowace unguwa ba a rasa irin motar nan da ta yi shekaru a bakin gareji, tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya, mai ita kuma kullum cewa yake yi wata mai zuwa za a tashe ta. Labarinmu na yau na wani jirgin saman yaƙi ne da ya shiga irin wannan hali a Amurka. Bambancin kawai, shi an tashe shi da gaske, kuma yawancin waɗanda suka yi aikin babu wanda ya biya su ko sisi.

Sunan jirgin Doc, ana karanta shi Dok. Samfurinsa B-29, wanda kamfanin Boeing ya ƙera a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙaton gaske ne. Tsawonsa mita 30, daga ƙarshen wannan fiffike zuwa wancan kuma mita 43, wato kusan kashi biyu cikin uku na faɗin filin ƙwallo. Injinsa huɗu, kowane da silinda 18, kowace silinda da fulogi biyu. Ku lissafa da kanku, fulogi 144 ke nan. Babur ɗin da ke kai wasunku makaranta silindarsa ɗaya, fulogi ɗaya, amma kun san yadda yake wahalar da mai shi idan ya ƙi tashi da safe.

An ƙera irin wannan jirgi guda 3,970, kuma 1,644 daga ciki sun fito ne daga masana'antar Boeing da ke garin Wichita a jihar Kansas. Doc yana cikinsu. An miƙa shi ga sojoji a watan Maris na 1945, yaƙi ya kusa ƙarewa, don haka bai taɓa jefa bam a kan kowa ba. Daga baya aka sa shi aikin gwajin na'urar rada tare da wasu 'yan'uwansa, aka raɗa musu sunayen wadannin nan bakwai na tatsuniyar Snow White. A nan ya samo sunansa.

A 1956 sojoji suka gama da shi. Aka kai shi wani filin gwajin makamai na sojan ruwa mai suna China Lake a hamadar Mojave ta jihar Kalifoniya. Kada sunan ya ruɗe ku, ba a ƙasar Sin yake ba, tafkin ma busasshe ne. An jera tsofaffin jirage a wurin ne don matuƙa su riƙa koyon saiti a kansu. Wato Doc ya zama abin auna hari. Aka yi ta ragargaza na kusa da shi, shi kuwa Allah Ya yi da sauran kwanansa. Busasshiyar iskar hamada ita ma ta taimaka masa, kamar yadda mota ta fi daɗewa ba ta yi tsatsa ba a Agadas a kan Legas.

A 1987 wani tsohon sojan sama daga jihar Ohio, Tony Mazzolini, ya gano shi. Ya nemi a ba shi. Sojan ruwa suka ce sai dai musaya, ya samo musu wani tsohon jirgi samfurin B-25, ya gyara ya kawo, su sa a gidan tarihinsu. Tsakanin neman jirgin musaya da zirga-zirgar takardu, sai a 1998 aka janyo Doc daga filin. Mutum ya share fiye da shekara goma yana bin ofis-ofis a kan abin da kowa ke kira bola.

Da aka duba shi da kyau, sai murna ta ragu. Rana ta cinye roba da wayoyi, tagogi sun lalace, tsuntsaye da ƙananan dabbobi sun mai da cikinsa gida. Gorar ruwa, wato alminiyam da aka yi jikinsa da ita, ba ta jar tsatsa irin ta ƙarfe, amma tana da tata cutar, wani farin gari da ke cin ta a ɓoye a ƙarƙashin mahaɗa. Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A watan Mayu na 2000 aka ɗora shi gunduwa-gunduwa a kan manyan motoci aka mayar da shi Wichita, garin da aka haife shi.

Nan ne labarin ya fi yi mana daɗi. Wichita gari ne na masu ƙera jirage, cike yake da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya: kanikawa, masu haɗa wayar lantarki, masu yankan ƙarfe, injiniyoyi. Da suka ji Doc ya dawo sai suka fara zuwa da kansu. A wurinmu yanzu idan aka ce 'yan sa-kai, hankali yana tafiya ga masu gadin gari da bindigar toka. Waɗannan nasu makaman sukundireba ne da sifana da burushi.

Daga cikinsu akwai wata dattijuwa, Connie Palacioz. A 1943, tana gama sakandare, ta shiga masana'antar Boeing, shekarunta ba su wuce na 'yan ajin ƙarshe da ke karanta wannan shafi ba. Maza sun tafi fagen daga, mata suka cike gurbinsu. Aikinta shi ne buga ƙananan ƙusoshin da ke haɗa fallayen jikin jirgi, waɗanda ake kira ribit. Aiki ne na mutum biyu. Ɗaya tana waje da bindiga mai aiki da iska tana dukan kan ƙusar, ɗaya tana ciki ta tokare wutsiyar ƙusar da guntun ƙarfe mai nauyi har ta baje ta riƙe fallen. Ba sa ganin juna, ƙara kuma ba ta barin su ji magana, sai dai a yi alama da ƙwanƙwasa. Idan ta ciki ta kauce kaɗan, ƙusa ta lalace, sai an huda an cire an sake.

Connie ta sha ba da labarin cewa abokiyar aikinta baƙar fata ce, wadda sauran ma'aikata suka ƙi yarda a haɗa su da ita saboda launin fatarta. Ita ta ce ta yarda. Su biyun suka yi ta aikin hancin jirage. Bayan fiye da shekara hamsin, da ta je ta duba hancin Doc, ta ce ƙusoshi bakwai kacal ta tarar sun ɓace a ɓangaren da suka yi. Mun daɗe muna juya wannan magana. 'Yan mata biyu, ɗaya ma ana ƙyamarta, sun yi aiki ba tare da tunanin wani zai dawo ya duba ba, sai ga shi aikin ya jure ranar hamada ta shekara 42. Connie ta koma cikin masu aikin sa-kai tana da shekara saba'in da ɗoriya, tana goge sassa tana tsaftace su.

Me ake nufi da gyaran jirgi irin wannan? Ba wanki da fenti ba ne. Jirgin da za a ajiye a gidan tarihi ya isa a gyara masa fuska. Wanda za a saka mutane a ciki a tashi da su kuwa, dole a kwance shi, a duba kowane sashe, a rubuta abin da aka yi masa, domin hukumar kula da jiragen sama ta Amurka ba za ta ba da izini ba sai ta ga shaida. Ga shi babu kantin da za ka je ka ce a ba ka kayan gyaran B-29. Abin da ya lalace, ko dai a nemo shi a jikin wani mataccen jirgi, ko a koma ga tsofaffin zane-zanen kamfani a auna a ƙera sabo. Wanda ke ganin darasin zanen fasaha da lissafin ma'auni ɓata lokaci ne, to da su aka ta da Doc.

Inji ma matsala ce mai zaman kanta. Injinan B-29 na asali sun yi ƙaurin suna wajen ɗaukar zafi da kamawa da wuta, har sun halaka matuƙa da dama ba tare da abokan gaba sun harba ko harsashi ba. Saboda haka masu gyaran ba su nace sai na asali ba. Sun haɗa sassan wasu samfura biyu na injin da aka inganta bayan yaƙi, suka sami wanda ya fi aminci. Masu son komai ya zauna yadda yake a 1945 za su iya yin ƙorafi. Mu dai muna ganin ran wanda zai hau ya fi.

Ba kullum aikin ya tafi daidai ba. An yi shekaru ya tsaya cik, babu kuɗi, babu rumfar da za a ajiye jirgin. Wasu daga cikin tsofaffin da suka fara aikin sun rasu ba su ga ƙarshensa ba. A 2013 wasu 'yan kasuwa da masana harkar jirage na garin suka kafa ƙungiya mai suna Doc's Friends, wato abokan Doc, suka karɓi ragama. A 2015 aka yi gidauniya ta intanet, jama'a suka tara sama da dala 150,000 don gwajin tashi, kuma a watan Satumba na shekarar injinan suka yi ƙara. Awannin da masu sa-kai suka zuba sun haura 300,000. Idan mutum ɗaya ne zai yi, yana awa takwas kullum babu Juma'a babu Lahadi babu hutun Salla, sai ya haura shekara ɗari.

Ranar 17 ga Yuli, 2016, Doc ya tashi daga sansanin sojan sama na McConnell da ke Wichita, shekara sittin bayan saukarsa ta ƙarshe. Ɗan gajeren zagaye ya yi ya sauka lafiya.

To amma akwai tambayar da bai kamata mu tsallake ba, kuma mun san masu kaifin basira a cikinku sun riga sun yi ta. Wannan fa jirgin kashe mutane ne. A daren 9 zuwa 10 ga Maris, 1945, watan da aka miƙa Doc ga sojoji, ɗaruruwan B-29 suka zuba wa birnin Tokiyo bama-baman wuta, mutum kimanin 100,000 suka mutu, akasarinsu fararen hula. B-29 ne ya jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta, wani kuma a Nagasaki ranar 9. Yaron Japan da aka ba shi labarin kakarsa ba zai kalli Doc da idon da ɗan Wichita yake kallonsa ba.

Su kansu Amurkawa ba su gama daidaitawa a kan wannan ba. A 1995 gidan tarihin Smithsonian da ke Washington ya shirya nuna Enola Gay, jirgin da ya kai harin Hiroshima, tare da bayanin abin da ya sami mutanen ƙasa. Ƙungiyoyin tsofaffin sojoji suka tayar da ƙura, suka ce an mai da su azzalumai alhali Japan ce ta fara. Aka soke shirin yadda aka tsara shi, shugaban gidan tarihin ya ajiye aiki.

Kada kuma ku ɗauka yaƙin can nesa aka yi shi babu ruwanmu. A 1944, lokacin da B-29 suka fara kai hari daga sansanoninsu na Indiya, sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, suna dajin Bama suna fafatawa da sojojin Japan ɗin nan. Su ne 'yan Bama da kuke jin tsofaffi suna ambata. Abokin gaba ɗaya ne, wasu ta sama wasu ta ƙasa.

Namu ra'ayin shi ne gara a gyara. Wanda ya tsaya a ƙarƙashin cikin jirgin, ya ɗaga kai ya ga ramuka biyun da ake loda bama-bamai, ya fi fahimtar abin da ya faru a Tokiyo a kan wanda ya haddace kwanan wata don jarrabawa. Gani ya kori ji. Sharaɗinmu ɗaya ne, mai yi wa baƙi bayani ya faɗi labarin duka. Idan ya tsaya a kan ƙarfin inji da ƙyallin jiki ya manta da waɗanda ke ƙasa, ya rage mudu. Ba lallai ku yarda da mu ba. Wannan batu ne mai kyau ga ƙungiyar muhawara ta makarantarku, kuma za mu so mu ji yadda ta kaya.

A yau B-29 biyu ne kaɗai suke tashi a duniya. Ɗayan sunansa FIFI, shi ma daga China Lake aka ceto shi tun a 1971. A watan Yuli na 2017 su biyun suka tashi tare a bikin jirage na Oshkosh a jihar Wisconsin. A farkon 2019 aka buɗe wa Doc rumfarsa ta kansa a filin jirgin saman Wichita, inda 'yan makaranta suke zuwa su gan shi. Idan lokacin zafi ya zo yakan zagaya garuruwa, masu hali su biya su hau, kuɗin ya tafi wajen mai da gyara. Da hunturu ya kama sai a dawo da shi rumfa, a buɗe murafen injinan, masu aikin sa-kai su ɗauko tocila su fara dubawa daga silinda ta farko.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.