Shekara ashirin a Legas, ba ka san hanyar Ikorodu ba?

Yau da ɗan zafi na zo, don haka duk wanda maganar ta taɓa sai ya yi haƙuri, gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, ranar Lahadin da ta gabata na dawo daga Badagry da yamma, sai na tsaya gaida dattawa a ƙofar shagon Baba a nan Agege. Wani aminin Baba, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya tambaye ni kayan wa na kai. Na ce, "Baba Alhaji, ba kaya na kai ba, garin kawai na je gani." Sai ya dubi mahaifina ya ce, "Alhaji, ka ja wa yaron nan kunne, wannan ai yawon banza ne." Aka yi dariya, ni kuwa na sunkuyar da kai domin ba a musu da manya. To amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in amayar da ita a nan.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa daga cikinmu wurare huɗu kacal suka sani a duk faɗin Legas: ɗakin kwana, masallaci, rumfar kasuwa, sai tashar da ake hawa motar Arewa. Za ka ga mutum ya shekara ashirin a Agege, ya yi aure ya hayayyafa a nan, amma in ka ce ya kai kansa Ikotun sai ya nemi yaron da zai raka shi. Alhali Ikotun ɗin tana ƙaramar hukumar Alimosho ce, wadda ke maƙwabtaka da mu, kuma ita ce ta fi kowace ƙaramar hukuma yawan jama'a a jihar nan bisa ƙidayar 2006. Mutanen da ke cin waken da muke sayarwa suna can jingim, mu kuma ko hanyar ba mu sani ba. Wai a haka muke kiran kanmu 'yan kasuwa.

Ni dai tun da na gama sakandare na kama zaman shago, na ɗaukar wa kaina wata al'ada. Duk Lahadin da kasuwa ta yi sanyi, nakan shiga danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu launin rawaya, in bi ta har inda hanyarta ta ƙare. In na sauka sai in zaga kasuwar wurin, in tambayi farashi, in nemi masallaci in yi azahar, sannan in juyo. Da haka na san Iyana Ipaja da Egbeda da Igando, na san Sango Ota da ke cikin jihar Ogun, na san Ikorodu da Epe.

Ɗauki tafiyar Badagry ɗin da aka yi mini dariya a kanta. Daga Agege ka nufi Oshodi, daga Oshodi sai Mile 2, daga nan ka kama babban titin Badagry. Za ka wuce Festac, unguwar da aka gina saboda bikin al'adun baƙar fata na 1977, ka wuce Trade Fair, ka wuce jami'ar jihar Legas da ke Ojo, ka wuce Okokomaiko da Agbara mai masana'antu. Kana tafe gine-gine suna raguwa, itatuwan kwakwa suna ƙaruwa, har yaren da ake yi a cikin motar ya fara sauyawa, domin mutanen Badagry da yawa Egun ne. Mu kuwa kowa muka gani a Kudu sai mu ce Bayarabe, kamar yadda su ma kowa suka gani da hula sai su ce Bahaushe, abin da kullum muke kuka da shi. A Badagry ne na ga benen da 'yan mishan suka gina a 1845, na kuma ga bakin ruwan da aka riƙa loda bayi zuwa ƙetaren teku. Duk wannan a kuɗin motar da bai kai abin da wasunmu ke kashewa a kati a mako guda ba.

To ina amfanin? Na farko dai kasuwa. Akwai wata mata da ta shekara da shekaru tana sarin wake a wurin Baba, kullum kukanta kasuwa ba daɗi, kullum a rage mata. Ranar da na sauka a unguwarsu na ga yadda ake awon wake a can, sai na gane ashe mu ne ba mu san darajar kayanmu ba. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, ita ta san hanya, mu muna zaune muna jiran mai zuwa. Yanzu akwai masu shaguna biyu a yankin da nake kai wa kaya kai tsaye, kuma sanadin wannan yawon da aka kira na banza ne.

Na biyu, tsaro. Ba fata nake yi ba, amma iyayenmu ba su manta da rikicin Ketu na 1999 da na Idi-Araba na 2002 ba, mu ma mun ga na Mile 12 a watan Maris na 2016, har aka rufe kasuwar. Ranar da gari ya rikice, wanda hanya ɗaya tak ya sani shi ne ke shiga uku. Wanda ya san titin baya, ya san tasha ta biyu, ya san wani mai shago a wata unguwa da zai iya fakewa wurinsa, ya fi kusa da tsira da yardar Allah. Haka da gwamnati ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yuni na 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, na ga 'yan uwanmu da suka sayar da babur suka koma gida ba don komai ba sai don ba su san wata unguwa ba bayan wadda aka kore su daga cikinta.

Na uku, mutunci. Mu ba baƙin jiya ba ne a garin nan. Tun 1863 Bature Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa a Legas, kuma daga ita ne sojan Najeriya ya samo asali. Jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano tun 1912, fataucin goro kuma shi ya zaunar da kakannin wasunmu a Agege. Amma har yau muna zaman ɗar-ɗar kamar wanda ya zo kwana biyu. Wanda bai san gari ba, da wane baki zai yi magana in ana shawarar inda za a mayar da kasuwa ko inda titi zai bi? Sai dai ya wayi gari ya ga an manna takarda.

Na san abin da za a ce. Za a ce akwai 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi. Gaskiya ne akwai su, kuma maganinsu shi ne ka hau mota a cikin tasha, ka guji tsayar da ita a bakin titi, kada kuma ka kai dare. Wanda ya fi son kwanciyar hankali ga BRT nan, wadda ta fara aiki a 2008 tsakanin Mile 12 da CMS, aka kai ta Ikorodu a 2015, aka buɗe layin Oshodi zuwa Abule Egba a 2020. Katin Cowry za ka saya ka zuba kuɗi, babu rigimar canji da kwandasta. Ga kuma jirgin ƙasan cikin gari da ya fara jigila a 2024 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda ke da tasha a nan Agege, a ƙofar gidanmu. Mutum nawa ne a majalisarmu suka taɓa shigarsa?

Za a ce ba ma jin yare. Subhanallahi! Mutumin da ya baro Sakkwato ko Hadeja a bayan tirela, ya kwana biyu a hanya, shi ne zai ji tsoron buɗe baki ya ce "owa" in ya zo sauka? Kakanninmu da ƙafa da jakuna suka je Gwanja neman goro, ba su da taswira, ba su da waya. Da irin tsoronmu gare su, da babu zango ko ɗaya a Kurmi. Za a kuma ce yaro zai lalace in yana yawo. Wallahi yaran da na ga sun lalace, a zaune suka lalace, a bakin layi, ba su taɓa wuce Pen Cinema ba.

Ba cewa nake a bar shago a kama gantali ba. Ranar hutu ɗaya a wata ta isa. Ka riƙe ƙananan kuɗi saboda canji, ka tafi da katin shaidarka, ka gaya wa na gida inda ka nufa, ka fita da sassafe ka dawo kafin magariba. In kana da ƙane ka tafi da shi. Ku kuma iyayenmu, don Allah in yaro ya ce zai je ganin gari, ku sa masa albarka, in ya dawo ku tambaye shi nawa ake sayar da mudu a can.

Lahadi mai zuwa in Allah Ya kai mu Epe na nufa, kasuwar kifi, ta hanyar Ikorodu. Zan tashi daga tashar Agege bayan sallar asuba, kuma na riga na roƙi Baba ya tambayar mini Baba Alhaji ko zai bar ɗansa ya raka ni. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wassalam.