Shafin Lafiyarmu: Idan kashi ya zo ruwan ɗorawa

Maganar yau ba a cika yin ta gaban mutane ba, amma tun da mu ke wanke tsumman jariri, mu ke zubar da fo, ai mu ne masu fara gani.

Da yawanmu, da mun ga kashin yaro ya yi ruwan ɗorawa sai mu ce shawara ce, a hau jiƙa sassaƙe. Mu dakata tukuna. Jaririn da ke shan nono zalla, kashinsa dama haka yake, ruwan ɗorawa, mai laushi, wani lokaci da ƴan gudaje. Lafiyarsa lau. Ba nonon uwa ne ya ɓaci ba, ba ya bukatar bauri, ko ruwa ma ba ya bukata sai ya cika wata 6. Babba kuma, in ya ci kabewa, karas ko miyar manja, launin yakan sauya kwana ɗaya ko biyu ya koma.

Ruwan maɗaciya da hanta ke yi shi ke rina kashi. In abinci ya wuce cikin hanji da sauri, kamar lokacin zawo, ba ya samun zama ya yi duhu, sai ya fito ruwan ɗorawa. A nan abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Sau uku a yini kashi ya zo ruwa-ruwa, to zawo ne, kada mu ce haƙori ne mu zauna. A dama ƙunshi ɗaya na SRO cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, abin da ya yi awa 24 a zubar a dama sabo. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, ko da zawon ya tsaya a kwana na biyu (nan ne muke yawan sakaci). Nono da kunu kuwa kada a yanke. Kafson da masu tire ke yawo da shi cikin rana a kasuwa, mu bar musu kayansu.

In kashin yana da maiƙo, yana wari fiye da kima, ciki na kumburi, an kwashe mako biyu ana haka, galibi ƙwayar cuta ce ta ruwa marar tsabta. Wannan sai an auna a likita. Mu kuma a gida mu rufe randa, mu ware moɗa guda, mu wanke hannu da sabulu bayan fita ban-ɗaki da kafin dama fura.

Wanda ba a kwana da shi: kashi ya koma fari-fari kamar farar ƙasa, ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi. Hanta ce ke kuka. Jaririn da ya wuce mako biyu idonsa bai washe ba, a kai shi ranar. Mai ciki ma haka. A 2017, da ciwon hanta nau'in E ya ɓarke a jihar Diffa ta hanyar gurɓataccen ruwa, mata masu ciki ne suka fi rasa rayukansu. Jini a kashi, amai ba tsayawa, ko yaro ya kasa shan nono, duka na likita ne nan take.

Mun san abin da ke tsayar da mu: kuɗin kabu-kabu, ko maigida ba ya gari. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin duba yara ƴan ƙasa da shekara 5, ko da yake wani lokaci sai an sayi magani a waje. Don irin wannan rana muke zuba asusun taimako. A zaman wannan mako, kowace ƙungiya ta tsayar da yadda mace za ta samu kuɗin hanya cikin dare ba tare da jiran ranar taro ba, a kuma sayi SRO da zinki a ajiye wajen ma'ajiya.